Daga Hunturu Zuwa Hunturu a Caji Ofis ɗin Garinmu

Ranar da takardar gayyata ta iso rumfata, yarona na miƙa wa ya karanta, don Turancina na ciniki ne kawai. Ya duba, ya ce, "Baba, 'yan sanda ne suke gayyatarka wasa." Na ce wane irin wasa kuma tsakanina da 'yan sanda, ni da furfura ta cinye rabin gemu? Ashe WASSA aka rubuta, wato walimar da jami'an tsaro a nan Ghana suke yi sau ɗaya a shekara. Su taru da iyalansu, a ci a sha, babbansu ya miƙe ya faɗi abin da aka yi a shekarar da ta wuce. Ni kuma sun kira ni ne saboda ina riƙe da littafin ƙungiyarmu ta 'yan hatsi.

Saura kaɗan in ƙi zuwa. Amma na je, na zauna can baya kusa da ƙofa. Da kwamandan ya fara bayani wata bayan wata, sai na ji kamar littafin rumfata yake karantawa. Watan da ya ce sata ta yi yawa, shi ne watan da muke zuba masara a sito. Watan da ya ce an yi ta faɗa a ƙauyuka, shi ne watan da shanu suke gangarowa. Watan da ya ce an samu sauƙi, shi ne watan da mu ma kasuwa take kwance, muna hamma a rumfa. Daga nan na ƙudurta zan rubuta wa 'yan'uwa wannan, musamman sababbin zuwa da matan da muke bari a gida idan mun yi tafiya.

Garinmu ƙarami ne, a tsakiyar ƙasar, inda kurmi yake ƙarewa fili ya fara. Kasuwa sau ɗaya take ci a mako. Caji ofis ɗin tsohon gini ne: kanta a gaba, babban littafin da ake rubuta duk abin da ya shigo dare da rana, ɗakin masu bincike da ba sa sa kaki, sai ɗakin tsare mutane. Wanda laifinsa bai kai a kulle shi ba akan zaunar da shi a bayan kanta, shi ne ake ce wa kanta-bak, kuma duk ɗan zango ya san kalmar. Mota ɗaya ce, sai babura. Ƙauyukan da suke ƙarƙashinsu kuwa, wasu sai ka yi awa biyu a kan hanyar burji kafin ka kai, in ba damina ba ke nan. Ga 'yan'uwa da ke karatu daga Nijar ko Kamaru ko Cadi, a nan babu rabon nan na polis a birni, jandarma a karkara. Runduna ɗaya ce ko'ina. Takardun zama kuma ba aikinsu ba ne, akwai hukumar shige da fice daban.

Abin da ya sa muke gudunsu

Abin mamaki, kakanninmu sun sa wannan kaki a ƙasar nan tun zamanin Turawa. A shekarun 1860 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara mutane masu jin Hausa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya yi runduna da su. Da yaƙin Turawa da Asante ya tashi a 1873 zuwa 1874, aka kawo su nan, kuma daga irinsu aka gina rundunar 'yan sanda masu ɗaukar bindiga. Shi ya sa Hausa ta daɗe tana yawo a bariki. Sunan da mutanen ƙasa suka laƙaba wa 'yan sandan rakiya na zamanin Turawa ma da Hausa ne: buga-buga. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka yadda aikin yake a lokacin.

Amma tsoron da ke jininmu ya fi wannan kusa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana fataucin goro a Kumasi a lokacin. Ya sayar da abin da ya sayu a wulaƙance, ya bar wanda bai sayu ba, ya hau lori da mahaifiyata da yayyena. Ni a gida aka haife ni bayan an koma. Da na tashi zan zo Ghana ina saurayi, nasihar da ya fi nanata min ita ce kada in yarda ɗan sanda ya san sunana. Na riƙe wannan fiye da shekara 20. Kuma na san da yawa daga cikin masu karanta wannan an yi musu irinta, ko da da wasu kalmomi ne.

Shekararsu da hunturu take farawa

Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta bushe, ciyawa ta bushe, masu farautar gafiya su cinna wa daji wuta. Wuta ba ta san iyakar gona ba. Ta cinye wa mutum masarar da bai gama kwashewa ba, ko gonar kashu da ya yi shekaru yana raino, shi ke nan sai caji ofis. A daidai wannan lokaci kuma makiyaya suke gangarowa neman ruwa da ɗanyar ciyawa. Rigimar manomi da makiyayi ita ce babbar wahalar ɗan sandan karkara, domin kafin ya isa wurin an riga an yi abin da za a yi. Kowa ya ji labarin Agogo, inda har gwamnati ta sha tura sojoji da 'yan sanda su kori shanu. A garinmu abin bai kai haka ba, kuma a ganina dalili shi ne ana zama tun kafin shanun su iso: kwamanda, sarkin gari, sarkin Fulani, sarkin zango, da jami'in gona. A yarda a kan inda za a shayar da dabbobi da wanda zai kimanta ɓarna idan an yi.

Mu 'yan kasuwa wannan ya shafe mu ta ƙofar mahauta. Idan aka sace shanu, kasuwa ake fara dubawa. Doka a nan ba ta bar wanda ya sayi kayan sata ba, laifi ne mai zaman kansa. Saniya ta zo da araha, babu takardar likitan dabbobi, babu dillalin da aka sani, mai ita kuma yana gaggawa, to araha ba ta ado. Haka wayar hannu, haka babur. Na ga dattijo mai mutunci ya kwana a bayan kanta saboda waya da ɗansa ya saya a tasha.

Daga nan sai lokacin kashu, kuɗi su shigo ƙauyuka, ɓarayin gona su tashi. Ruwa ya sauka wajen Afrilu, kowa ya koma gona, caji ofis ya ɗan huta, in ban da rigimar iyakar gona wadda galibi sukan tura wa sarakuna. Mu a nan damina biyu muke yi, babba da ƙarama, don haka kaka ma biyu ce: masarar farko wajen Agusta da Satumba, ta biyu wajen ƙarshen shekara. Doya kuma ta fito tsakani.

Idan kaka ta yi, hanya ce take zama abin tsoro. Mata 'yan kasuwa daga Kumasi da Accra su taho cikin dare da kuɗin saro, lorin albasa daga Nijar su gangaro, masu shanu su haura da kuɗin ciniki. 'Yan fashi ma sun san kalandar. A irin wannan lokaci 'yan sanda kan tara motoci a shinge, sai sun yi yawa a raka su a jere. Direbobi suna ƙorafin ɓata lokaci, ni ma na yi. Amma tun daren da motar da ta ƙi jira ta riga mu tafiya, muka tarar da fasinjojinta zaune a bakin hanya babu ko takalmi, ban ƙara buɗe baki ba. 'Yan sanda biyu ne a gaban ayarinmu a daren nan, yara ne sa'o'in ɗana. Na dube su a hasken fitila, na ce a raina waɗannan ma akwai uwar da ba ta yi barci ba.

Tura kuɗi ta waya ya rage ɗaukar tsaba, amma ya kawo nasa. Yanzu rabin masu tsayuwa a kanta ranar kasuwa waɗanda aka damfara ne ta MoMo. A kira mutum a ce an yi kuskuren turo masa kuɗi, ko a ce layinsa za a rufe sai ya faɗi lambar sirri. Gaskiya a nan ƙaramin caji ofis ba shi da abin yi da yawa, sai dai ya rubuta maka takardar rahoto ka kai kamfanin waya. Wanda ya yi saurin kiran kamfanin shi ya fi samun sa'a. Matanmu da tsofaffinmu aka fi cuta, don haka a zaunar da su a gaya musu: lambar sirri ko miji ba a faɗa wa a waya.

Ranar kasuwa kuma akwai aikin da ba ya shiga jawabin kowa. Yaro ya ɓace wa uwarsa cikin cunkoso, a kai shi kanta, wata 'yar sanda ta saya masa ruwa da biskit har a zo nema. Mai tura baro ya yi faɗa da mai keken ɗaukar kaya. Mahaukaci ya tare hanya. Wani ya yar da katin shaida yana son takardar da zai nemi sabo. Ka tsaya rabin yini a wurin, da wuya ka ji an ambaci bindiga.

Azumi da Sallah su kuma yawo suke yi cikin shekara, amma duk inda suka faɗa aiki ne. Sintirin dare saboda masu Tahajjud, tare hanya a filin Idi, sannan babbar fitina, samarinmu da babura. Kowace shekara sai an yi gargaɗi a masallaci, kowace shekara sai an kwashi wani zuwa asibiti. A wannan kam ba na ganin laifin ɗan sanda ko ya kama babur ɗin ɗan limami ne. Shekarar zaɓe kuwa, 7 ga Disamba, kusan kowa a caji ofis ana tura shi rumfar zaɓe, har sai an haɗa da ma'aikatan kwana-kwana da na gidan yari kafin su isa. Mai hankali ba ya ajiye kuɗi a shago a makon nan.

Maganar bashi

A nan zan daɗe, domin nan ne muka fi shiga caji ofis da ƙafarmu, kuma nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa.

Shekaru da suka wuce na ba wani mai kiwon kaji masara buhu 40 bashi. Mun daɗe muna ciniki, bai taɓa saɓa min ba. Ciwo ya shiga kajinsa, suka mutu. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu, ni ma waɗanda na karɓo kaya a hannunsu suna matsa min. Wani aboki ya ce in kai shi caji ofis, in ce damfarata ya yi. Na manta nasihar mahaifina, na tafi. Na ba da abin da aka ce na man mota, aka ɗauko shi a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ya kwana biyu a kulle. Danginsa suka yi karo-karo suka kawo kusan rabin kuɗin, aka sake shi. Ragowar ban ƙara ganinsa ba, kuma daga ranar babu wani mai kaji a dangin nan da ya ƙara taka rumfata. Mutumin ba ɗan damfara ba ne, na sani, wanda ya rubuta ƙarar ma ya sani. Bayan shekaru na je har gida na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma bai ce in zauna ba.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne doka ta raba abu biyu. Wanda ya karɓi kayanka da ƙarya tun farko, ya nuna maka shagon da ba nasa ba ko takardar bogi, wannan zamba ce, aikin ɗan sanda ne. Wanda ya karɓa da niyyar biya sai kasuwa ta juya masa baya, wannan bashi ne, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wurinsa kotun gunduma, inda ma akwai masu sasanci da sukan zaunar da ku a tsara biya kaɗan-kaɗan. Manyan 'yan sanda sun sha jan kunnen yaransu a kan karɓar bashi. Da na sake zuwa da irin wannan ƙara bayan wasu shekaru, wani sufeto ya saurare ni tsaf, ya tambaye ni ko akwai rubutu. Na ce babu. Ya ce, "Alhaji, ko kotun ka je, da me za ka tsaya?" Haushinsa na ji a ranar. Yau kuwa ko buhu biyu zan bayar sai an rubuta, da ranar biya, da shaidu biyu. Abin kunya ma, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, mun haddace ta tun muna yara, amma sai da ɗan sanda ya tuna min.

Tunda mun shigo nan, ga abin da ya kamata kowane gida ya sani idan an kama nasa. Tsarin mulkin 1992 ya ce dole a gaya wa mutum dalilin kama shi da harshen da yake ji, kuma yana da damar ganin lauya. Ba a riƙe shi fiye da awa 48 ba tare da an kai shi kotu ko an ba da belinsa ba. A da akan kama mutum ranar Juma'a da yamma don ya kwana har Litinin, amma a 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin. Beli ba a sayensa. Na san abin da za ku ce, ni ma na sha ganin ana miƙa wani abu, amma wanda ya san doka kuma ya zo da dattijo mai natsuwa, sau da yawa ba ya biya. Kuma kada wanda bai iya karatu ba ya dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta masa da harshensa ba, a gaban wani wanda ba ɗan sanda ba.

Tsaya wa mutum a beli kuma ba gaisuwa ba ce. Ka sa hannu ne cewa za ka kawo shi duk ranar da aka nema, in ya gudu kuɗin da aka rubuta a wuyanka suke. Mu da mutanenmu suke da gida biyu, yaro ya ga abin ya yi zafi ya hau motar dare ya tsallaka iyaka, kai da ka yi zumunci ka zauna da jidali. Na ga wanda ya sayar da babur ɗinsa a kan haka.

Abin da ya shafi cikin gida

Akwai sashe na musamman mai kula da rigimar iyali da cin zarafin mata da yara. A 1998 aka kafa shi, yanzu ana kiransa DOVVSU, kuma a 2007 aka yi dokar da ta ƙarfafa shi. Mazanmu da yawa suna jin sunan kamar an ambaci maciji. Amma ku tambayi ma'aikatan, ƙarar da ta fi zuwa musu ita ce ta uban da ya bar 'ya'ya babu ci babu kuɗin makaranta. Mu faɗi gaskiya, wannan ciwonmu ne mu matafiya. Mutum ya yi aure a nan, ya haihu uku, ya ce zai je gida ganin tsofaffi, shekara biyu babu ko saƙo. Matar ta je wurin maigidansa, ta je wurin liman, ta je wurin sarkin zango. In duk ba a yi komai ba, ina kuke so ta je?

Ni mai son a sasanta a gida ne. Saɓanin miji da mata, faɗan kishiyoyi, rigimar maƙwabta a kan kwata, duk zaure ya fi kanta rufin asiri, kuma su kansu 'yan sandan sukan ce a je a gwada dattawa tukuna. Amma akwai inda zaure ba shi da hurumi. Wanda ya lalata yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ne, kuma doka ba ta yarda a kashe maganar da goro da ban-haƙuri ba. Mun yi irin wannan rufa-rufa a zango ba sau ɗaya ba, muna cewa kada a ji kunyarmu a gari. Yarinyar ce take ɗaukar kunyar ita kaɗai har ta girma, shi kuma ya koma wata unguwa. In abu irin wannan ya faru, a je caji ofis a karɓi takardar asibiti a ranar, kafin a yi wanka ko a wanke tufafi. Likita yakan nemi kuɗi kafin ya cika takardar, kuma a nan ne ƙararrakin talakawa da yawa suke mutuwa. Ƙungiyarmu ta ware wani abu kaɗan don wannan, ba ma tambayar 'yar wace ce.

Kada wani ya ce Alhaji ya ci shinkafar WASSA ya zama kakakin 'yan sanda. Akwai shingen da in ba ka miƙa ba za a sauke maka kaya a rana. Akwai wanda in ya ji harshenka ya karkace sai farashinsa ya hau. Akwai ranar da za ka kai ƙara a ce babu mai a mota. Kuma akwai abin da ya fi wannan muni. A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Asawase ta Kumasi a Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai samu shaidar hakan ba, aka dakatar da jami'ai 21. Babu ɗan zangon da ya manta. A Janairun 2025 kuma matasa suka ƙona caji ofis na Ejura bayan wani da aka tsare ya rasu. Na fahimci zafin zuciyar, wallahi na fahimta. Amma wuta ba ta zaɓar takarda. Fayil ɗin wanda aka zalunta da na azzalumi tare suke ƙonewa, kuma washegari matar da za ta bi hanyar dare da kuɗin saro ita ce ba ta da mai raka ta. Akwai ofishin ladabtar da 'yan sanda a cikin rundunar, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ mai ofisoshi har a gundumomi, kuma ba a biyan kuɗin kai ƙara. Tafiyarsu a hankali take. Sai dai takardar da sarkin zango da liman da shugaban kasuwa suka sa wa hannu tare ba a cika jefa ta a kwando ba. Mun gwada sau ɗaya a kan wani mai shinge da ya addabi direbobinmu, ba a yi wata biyu ba aka ɗauke shi.

A jawabin kwamanda akwai layi ɗaya da ya wuce da sauri, gawar da ba a san mai ita ba. Ni na san labarin.

Cikin ƙaramar damina lorin albasa ya faɗi a wata kwana bayan gari. Direba da yaransa suka ji rauni, aka wuce da su babban asibiti. Amma akwai wani saurayi da ya roƙi a rage masa hanya, yana saman kaya, shi nan take ya cika. Babu kati a jikinsa, wayarsa ta farfashe, direban ma sunansa na farko kawai ya sani. A dokar ƙasar nan, wanda ya mutu ta hatsari ba a ba da gawarsa sai alƙalin gunduma ya sa hannu bayan binciken 'yan sanda. Wanda kuma aka daɗe ba a zo nema ba, hukuma takan haɗa su ta binne a rami ɗaya. Wani saje, ba Musulmi ba ne, ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa, ya ga laya a damtsen yaron da tabon sallah a goshinsa. Da asuba muna fitowa daga masallaci muka tarar da shi tsaye a ƙofa da hoto a waya. Kwana uku yana zagaya tasha da rumfunan albasa a kan babur ɗinsa, har aka samu wanda ya gane yaron, aka kira ƙauyensu. Shi ya bi takardun da ƙafarsa har aka ba mu gawar. Muka yi masa sutura, wan mahaifinsa yana saurare ta waya daga can gida lokacin da ake sallah.

Bayan wannan ne muka ce a buɗe littafi: duk baƙon da ya sauka a zango, ko na mako ɗaya ne, a rubuta sunansa, garinsu, maigidan da ya sauke shi, da lambar wani nasa a gida. Zaman bai yi daɗi ba. Tsofaffin da suka ga 1969 da idonsu suka ce da hannunmu za mu rubuta jerin waɗanda za a kora. Ban ga laifinsu ba, muryar mahaifina nake ji a bakinsu. Aka yi ta ja har bayan Isha. A ƙarshe aka tsaya a kan littafin zai zauna a hannun liman, ba ya fita daga zaurensa, ba a ba kowace hukuma. Abin da za a ba caji ofis kawai lambar mutum biyu ce, waɗanda za a kira a kowane lokaci idan an kama ɗan zango, ko an tsinci wani, ko ana neman tafinta.

Aka zaɓi na'ibin liman, aka zaɓe ni. Yanzu in ka shiga caji ofis ɗin garinmu, a bango ta hannun dama, ƙarƙashin lambobin gaggawa 191 da 18555 da 112, akwai wata 'yar takarda da aka manna da sunana cikakke a jiki. A makon da ya wuce sun kira ni ƙarfe biyun dare, wai an kawo wani yaro mai tallan agogo ba ya jin Turanci ba ya jin Asante. Uwargida ta miƙo min tocila da hula, ta ce in dawo da burodi in gari ya waye a can.